Saukar da Ba Wanda Ya Zo

Har yau ba na son ƙanshin masa. Da zarar matan gidana sun ɗora tanda, man shanu ya fara ƙara, nakan ɗauki buzuna in koma zaure. Jikokina suna zaton wani ciwon tsufa ne. Bari in gaya maka abin da ban gaya musu ba.

A Sakkwato aka haife ni, 'yan shekaru bayan Nasara sun ci garin. Mahaifina malami ne. Tun bayan sallar asuba zaurenmu yake cika da ɗalibai, wasunsu masu furfura a gemu, kowa da littafinsa cikin gafaka. Idan damina ta sauka, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan haɗu da na tawada, muryarsa tana tashi tana sauka har hantsi. Yayansa, wanda muke kira Bappa, shi ne limamin unguwa, kuma akushi ɗaya suke ci.

Wata rana aka aiko daga fada cewa ana neman malamin da zai koyar da Larabci da addini a sabuwar makarantar boko. Malamai da yawa suka ƙi. Mahaifina ya karɓa. Na ji shi yana gaya wa Bappa dalilinsa a tsakar gida.

"Yaya, ɗiyan ga da anka kwasa, ko na tahi ko ban tahi ba, karatun Nasara za su yi. In ban tahi ba, wa ka koya musu salla?"

Bappa ya ture akushin, ya miƙe. "In ba dahi na ba, kai ɗanka shi sha mu gani."

Washegari mahaifina ya kama hannuna, ya bi da ni ta ƙofar masallaci don kowa ya gani, ya kai ni makarantar. Bai tambaye ni ba, bai tambayi Inna ba. Ni ne amsar da ya ba yayansa.

Daga nan unguwa ta juya mana baya. Ba da hayaniya ba, mutanenmu sun fi ƙarfin wannan, sun san yadda ake yanka mutum da ladabi. Ɗalibai suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai kyau. Mata suka daina aiko yara ɗibar wuta gidanmu. Idan na fita, abokan wasana sukan toshe hanci, su ce ɗan malamin Nasara ya iso. Ran da Bappa ya yi tafiya, mahaifina ya matsa gaba zai ja salla kamar yadda aka saba, sai dattawa suka tuna cewa alwalarsu ta warware.

Ni kuwa na rasa uba sau biyu. A makaranta, laifin da wani yaro zai yi a harare shi, ni bulala ce, don kada a ce malam yana son kai. A gida kuma allo yana jirana kafin in fita da bayan na dawo, don kada a ce boko ya cinye min karatu. Idan na yi tuntuɓe a aya, ba ni yake gani ba, fuskar Bappa yake gani. Inna takan shafa min man kaɗe a baya. Na tsane shi a waɗannan shekarun, kuma ina jin ya sani.

Na sauke da bazara, lokacin da ƙasar Sakkwato take ƙona tafin ƙafa, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Mahaifina ya ce za a yi walimar da unguwa ba ta taɓa gani ba. Ya yanka rago. Ya sa aka yi wa allona zayyana ja da kore. Da ƙafarsa ya bi gida gida yana gayyata, kowa ya ce in Allah ya so. Inna ta tashi tun da jijjifi tana suyar masa, hayaƙi yana sa ta hawaye, tana dariya. Rabona da jin dariyarta har na manta.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na zauna cikin sabuwar riga, allo a cinyata. Hantsi ya yi, rana ta take. Muna jin motsin mutane a bayan katangunsu, har da tari da kukan jarirai, amma ko kaza ba ta leƙo ba. Can sai ga Bappa ya fito zai tafi masallaci. Mahaifina ya miƙe, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ɗanka ya sauke." Bappa ya gyara rawaninsa, ya raɓa gefen tabarmar don kada ya taka ta, ya wuce.

Mahaifina ya koma ya zauna. Ya dube ni ya ce, "Karanta."

Na karanta wa tabarmi. Shi kaɗai ya shafa addu'a. Inna ta zuba abinci a kwanuka ta aika maƙwabta, kwanukan suka dawo ba a ko ɗaga faifansu ba. Kafin magariba masar ta yi tsami, miya ta yi kumfa, aka juye wa awaki.

Bai daina zuwa makarantar ba har ƙarfinsa ya ƙare. Ran da ya rasu kuwa, unguwa kaf ta fito. Waɗanda alwalarsu ta warware su ne a sahun farko, suna cewa an yi rashin malami.

Ni ma koyarwa na yi har na zama shugaban makaranta. Da aka sa ɗana na fari a ajina, na je na roƙa aka canja masa malami, domin na san nauyin hannun da na gada. A nan na fara gane tsoron da mahaifina ya rayu a ciki. Ganewa na yi, ban ce na yafe duka ba.

Wata shekara ɗan Bappa ya shigo ofishina da jikansa, yana neman gurbi. Ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce, "Ai marigayi mahaifinka ya hango nesa."

Na ce, "Awo. Kun dai bar shi shi kaɗai shina hange."

Na ɗauki yaron, don ba shi ya yi min ba. Yanzu daga Runjin Sambo har Arkilla, duk safiya tituna cike suke da yara masu jakar makaranta, cikinsu har da zuriyar dattawan nan, iyayensu suna kokawar neman musu aji. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mana sun yi kuskure. Suka wayi gari kawai suna son boko, suka ci gaba da gaishe ni kamar ba a yi komai ba. Ina amsawa, amma a tsaye, daga bakin ƙofa.