Dato da ya koya wa ɗana fita da kansa

Ke uwar da kike tsaya wa ɗanki ko da shi ne da laifi, ki tsaya ki karanta. Ni ma haka nake a da.

Da safen nan labari ya same ni: Dato ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dato sarauta ce a nan Malesiya, da ita muke kiransa. Tsohon kanar ne na soja, kuma ya buga wasan kurket da ƙuruciya. Amma duk Asabar za ka gan shi a filin unguwarmu ta Setapak da tsohuwar farar hula, yana koya wa yara wasan a kyauta. Shi ya ba Mubarak ɗina sandar kurket ɗinsa ta farko. In 'ya'yan itacen rambutan na gidansa suka nuna, har ƙofa yake kawo mana.

Bara aka zo zaɓen yaran da za su shiga babbar ƙungiya. Ƙwallo ta shafi sandar Mubarak aka cafe, wato ya fita ke nan. Alƙalin wasa bai gani ba, ba wanda ya ji. Sai yaron nan ya saka sanda a hammata ya fice da kansa, domin abin da Dato ya koya musu ke nan.

Ba a ɗauke shi ba.

Na je na sami dattijon raina a ɓace, na ce ya cuci ɗana, mu baƙi ne, irin wannan dama ba ta zo mana sau biyu. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Maman Mubarak, a soja in mutum ya ɓoye kuskurensa, wani ake binnewa."

Wata guda ban gaishe shi ba. Allah ya yafe mini.

Ganinmu na ƙarshe a shagon mamak ne, wato wurin mai shayi na nan, yana shan shayi. Ƙafa ta ƙi, amma sai da ya dafa tebur ya miƙe don mace ta zo. Ya tambayi lafiyar Mubarak. Na ce jiya ya fasa mini madubin mota, ya zo ya faɗa tun ban gani ba. Dato ya yi dariya har da tari.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ku sa shi a addu'a, don Allah.

Na tara yarana yau na faɗa musu: a gidan nan, wanda ya yi ɓarna ya kawo kansa, na yafe. Wanda ya bari na gano, shi da ni ne.