Lemun Dija da Ruwan Alwala

Dija 'yar garin Bonkuku ce, inda ruwa yake kusa. A garkar mahaifinta, idan mutum ya haƙa rami tsawonsa biyu sai ƙasa ta yi duhu, ruwa ya fara tsattsafowa. Cikin albasa da kabeji ta tashi, ba ta taɓa sanin ana auna ruwa kafin a zuba ba, sai da aure ya kai ta wani ƙauye a kan tudu a ƙasar Kurfai, tafiyar rabin yini a amalanken jaki daga Filinge. Rijiyar ƙauyen ɗaya ce, zurfinta gaba arba'in, mata uku ke haɗuwa su ja guga ɗaya.

Cikin kayanta akwai ɗan dashen lemun tsami da mahaifinta ya ba ta, tsawonsa bai wuce taƙi ba. Uwar mijinta ta dube shi ta yi dariya. "Ɗiyata, nan ba a ba icce ruwa. Ruwan rijiya na mutum ne da dabba. Icce sai shi jira na Allah."

Dija ba ta yi musu ba. Kwana uku ta yi tana kallon gidan. Ta lura da wani faffaɗan dutse kusa da rumbu, inda kowa ke tsugunawa ya yi alwala, ƙasar gefensa ba ta bushewa ko da rana tsaka. Mutum goma sha huɗu ne a gidan, kowa da butarsa, sau biyar a yini. Nan ta dasa lemun. Ba wanda zai ce ta ɓata ruwa, tunda ruwan ya riga ya yi aikinsa kafin ya sauka ƙasa.

Lemun ya kama. Da ta ga haka sai ta tone 'yar hanya da tsinke daga gindin dutsen, ta shuka yakuwa da barkono, daga baya ta ƙara kuɓewa da ɗoɗɗoya. Ruwan wanka mai sabulu kuwa ta juya shi bayan ɗaki, wajen lalle, don shi ba ya ƙin komai. A shekara ta biyar lemun ya yi 'ya'ya. Tun daga nan duk mai mura a ƙauyen gidan yake aikowa, da azumi kuma ba kunun da ba a matsa lemun a ciki ba. Lemun gidan Jibo ake ce masa, da sunan mijinta. Jibo kan ce ai da gaskiyarsu, shi ya fi kowa zuba ruwa a ƙafa.

Gidan bai watse rana ɗaya ba. Tsofaffi suka rasu, ƙannen Jibo suka koma Yamai da iyalansu, 'ya'yanta mata biyu suka yi aure a nesa. Saminu, ɗanta namiji tilo, ya fara zuwa ci-rani Kwatano, da farko wata huɗu, daga baya shekara, daga ƙarshe ya zo ya ɗauki matarsa da yaransa. Dija ta riƙa rage shuka yadda butoci ke raguwa. Shekarar da Saminu ya kwashe iyalinsa ta bar kuɓewa. Da Jibo ya rasu, shekara uku da suka wuce, ta tuge barkonon da hannunta, don kada ta tsaya tana kallonsa yana ƙonewa. Lemun kaɗai ya rage, mai shekara talatin da takwas, da buta ɗaya.

Shekara biyu ya jure, don saiwarsa ta yi nisa. Amma daminar bara ta ɗauke da wuri, bazarar bana kuma ta shigo da zafinta tun kafin lokaci. Ganyen ya fara naɗewa, ƙananan rassa suna bushewa daga sama.

Gwiwar Dija ba ta kai ta rijiya yanzu. Maƙwabciyarta Ladi, wadda gidanta ke cike da 'ya'ya da jikoki, ita ke aiko surukarta Samiratu da bido, wato jarka, ɗaya na ruwa kowace safiya. Samiratu tun asuba take tsayuwa a bakin rijiya kafin ta samu. Kowa ya san ruwan nan na sha ne da dafuwa da salla. Da Dija za ta ɗebi ko kwano guda ta zuba wa itace, ba ta san da idon da za ta dubi yarinyar ba washegari.

Sai ta bi ta hanyar da ta sani. Ta fara sabunta alwala ko ba ta karye ba. Ta yi ta walha, ta yi ta tsakanin azahar da la'asar, ta yi kafin ta ɗauki carbi. Da ta ga bai isa ba, sai wanke hannu ya tashi daga sau uku ya koma biyar, ya koma bakwai. Ta daina dama kunu, ta riƙa cin ragowar tuwon jiya, don ruwan ya kai.

Wata rana Ladi ta leƙo ta kan darni ta same ta a kan dutsen. Ta tsaya tana ƙirga mata. Da yamma sai ga Malam Mahmud, limamin ƙauyen, ya yi sallama ya zauna a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Sa'an Jibo ne, tare suka yi yarinta.

Bayan gaisuwa ya ce, "Dija, Ladi ta ce waswasi ya kama ki. Ta ce ƙafar dama kaɗai sau tara kika wanke."

"Ladi ba ta da aiki, Malam. Jikoki goma sha ɗaya ba su ishe ta kallo ba?"

"Ba ki ba ni amsa ba. Kina shakkar alwalar ne? In shi ne, akwai addu'ar da zan ba ki."

Ta juya ido wajen dutsen alwala, tana murza bakin zanenta. Malam ya bi inda idonta ya tafi, ya ga lemun, ya ga 'yar jiƙaƙƙiyar ƙasar da ba ta fi faifai ba a gindinsa.

"To, wanga ba waswasi ba ne," ya ce a hankali. "Amma Dija, alwala sau uku-uku ce. Abin da ya wuce haka ba a so. Kuma ke kin san wa kike wa niyya in kin zauna nan."

"Na sani."

"Ga shi kin rame. Icce ne fa."

"Icce ne," ta ce. "Duk wanda ya zauna gidan nan, iccen nan ya sha ruwan hannunsa, Malam. Shi kaɗai ya rage da ya san su."

Da lokacin magariba ya gabato, Malam ya ɗauki butar da ya zo da ita ya tsuguna a kan dutsen ya yi alwala, sannan ya wuce masallaci. Washegari ya dawo da azahar, har da wani tsoho, Manzo. Dija ta zauna a ƙofar ɗaki tana jin tarinsu da gardamarsu a kan ko hadari zai taso kafin sabon wata. Kwana shida suka yi suna zuwa. Gidan yana can ƙarshen ƙauye, rana kuma ba ta da sauƙi ga mai shekara saba'in. A rana ta bakwai Manzo ya kwanta da zazzaɓi, Malam ya aiko a ba ta haƙuri. Ba ta ji haushinsu ba. Ko da sun ci gaba da zuwa, buta uku ba ta riƙe itacen da ya saba da goma sha huɗu.

Ta koma wanke kowace gaɓa sau uku. A wani reshe na ƙasa akwai lemu huɗu da suka rage, ƙanana, fatarsu ta yi tauri. Ta tsinke su, ta matse ruwan a kunun da ta dama a karon farko cikin sati uku, ta zaɓi ƙwaya biyar masu kauri ta binne a gwangwanin tumatir. Gwangwani ba ya cin ruwa, abin da ya ɗiga daga fuskarta ya ishe shi. Biyu suka tsiro. Ɗaya ya mutu.

Lokacin da ɗayan ya yi ganye huɗu, babban lemun ya zubar da nasa duka. Ta kankare bawon da farce ta ga ba kore a ciki. Da safe ta ɗauki sandarta da gwangwanin ta shiga gidan Ladi, ta wuce kai tsaye wurin da mazan gidan ke alwala. Ƙasar wurin har santsi take yi.

"Mi kike nema nan, tsohuwar banza?" in ji Ladi.

"Ba ni hauya. Kuma ki gaya wa jikokinki, wanda ya bari akuya ta taɓa shi, ni da shi."

Samiratu ce ta haƙa ramin, Dija ta sa dashen da hannunta, ta danna ƙasa, ta kewaye shi da ƙaya. Ta nuna wa yarinyar yadda za ta ja hanyar ruwa, ta ce kada a bar na sabulu ya bi ta nan.

"Shekara nawa kafin mu sha?" Samiratu ta tambaya.

"Biyar, in gidan bai ragu ba."

Ladi ta ce ta zauna a ci abinci. Dija ta ce ta bar ƙofa a buɗe. Har ta kai zaure Ladi ta biyo ta, ta sassauta murya. "Wancan na gidanki fa? In turo a sare miki, ki samu na girki?"

Dija ta gyara riƙon sandarta. "Ku bar shi tukuna," ta ce. "Sai bayan damina."