Ambulan ɗin Baban Walid

Har gobe ban manta da ranar Talatar da Baban Walid ya ƙi zuwa a ɗauki zanen yatsunsa ba. Shekarata shida ke nan ina akawu a wata makarantar kuɗi a unguwar Wangsa Maju, a ƙasar waje, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya a ofishin.

A wannan zangon aka kawo sabuwar doka. Duk mai taimaka wa makaranta kyauta, ko karatu yake yi da yara ko wasanni, sai ya cike fom, ya ɗora yatsunsa goma a kan na'ura. Wani kamfani ne ke bincika tarihinsa, a nan da can ƙasarsu, ya aiko da rahoto cikin ambulan. Akawu ke buɗewa, ya shigar a kwamfuta, sannan ya kai wa shugabar makaranta, Puan Rosnah. Ita kuwa sai ta haɗa ni da takardun 'yan Najeriya duka, wai na fi kowa sanin sunayen garuruwanmu. Har daɗi na ji, wallahi.

Baban Walid ɗan Najeriya ne, digiri na uku yake yi, ranar Asabar kuma yana koya wa yara ƙwallo. Ni na kawo shi, ni na tsaya masa. Matarsa ƙawata ce, duk Lahadi tare muke karatu a gidansu.

Talata bai zo ba. Laraba na kira, bai ɗauka ba. Juma'a kuwa ake rufe karɓa. Nan fa hankalina ya tashi. Mutumin da ba shi da abin ɓoyewa, me zai sa ya gudu? Ga 'yata Ilham a cikin yaran da yake koyarwa! Na kasa cin abinci, ina ta ƙulla abubuwa marasa kyau a raina, ina kuma tunanin abin da zan ce wa Puan.

Alhamis da rana sai ga saƙonsa, yana shagon shayi, irin wanda suke kira mamak, da ke bakin ƙofar makaranta. Na same shi da shayi a gaba, ko kurɓa bai yi ba.

"Maman Ilham, tambaya ɗaya gare ni. Wa ke buɗe ambulan ɗin?"

Na ce, "Ni mana. Ai ka kwantar da hankalinka, a hannun gida yake."

Ya ce, "To shi ne abin da ya hana ni zuwa."

Ya ce akwai abin da ya faru yana saurayi, har ya kai shi gaban alƙali. Bai shafi yara ba, amma ko matarsa ba ta sani ba. Ya yarda Puan ta karanta, in ta ga bai dace ba ta sallame shi. Ni ce ba ya so in gani.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Haba Baban Walid! Yaushe ka taɓa jin na kai maganar wani?"

"Ban taɓa ba. Amma ran Lahadi za ki zauna kusa da matata, ta zuba miki abinci. Ko ba ki faɗa ba, fuskarki za ta faɗa. Mu nawa ne a garin nan?"

Gaskiya ya faɗa, don na san fuskata ba ta iya ɓoye komai.

Na shiga wajen Puan ina tsoron ta ɗauka rufa masa nake yi. Na ce ta cire ni daga takardunsa, ita kaɗai ta buɗe. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Kin san wani abu ne?" Na ce ban sani ba, kuma ba na son in sani. Sai ta ce, "Boleh," wato ta yarda.

Juma'a ya zo ya ɗora yatsunsa, sai da na'urar ta ƙi karɓa sau biyu. Bayan mako uku ambulan ya iso. A rufe na kai mata. Ta kira shi, suka yi kusan awa ɗaya a ciki. Asabar ɗin sai ga shi a fili da usur a wuya.

Ku da kuka zo bayana, ku riƙe wannan. Binciken dole ne, yaran mutane ne a hannunmu. Amma kada ku karɓi takardar wanda kuke cin abinci a gidansa, ko da ya roƙe ku. Ni dai har yau ban san abin da ke ciki ba. Wani lokaci in na hango shi yana ɗaure wa Ilham igiyar takalmi, zuciyata takan tambaya, sai in ce mata ba aikinki ba ne.