Kallamu da Duron Banda

Kallamu mutumin Baga ne, can bakin tafkin Chadi. Ubansa banda yake yi, kakansa ma haka. Tun yana ƙarami ya san itacen da ke ba kifi ƙamshi da wanda ke sa shi ɗaci. Da ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya, sai ya koma Kano yana bandar naman shanu a Fagge. A nan wani mai sarin takalma, Alhaji Babayo, ya ɗauke shi kuku, don shi ba ya iya cin abincin ƙasar waje. Suka yi shekara biyu a Bankok, suka zarce Guangzhou ta ƙasar Sin a 1998. Bayan wata bakwai Alhaji ya tafi gida ganin likita. Ta waya labarin rasuwarsa ya zo.

Wadda ta riƙe Kallamu ita ce Hajiya Zeinabou, mutuniyar Maraɗi, mai sayar da tuwo a hawa na shida na wani tsohon bene a unguwar Dengfeng. Baƙar fata ba su da yawa a garin a lokacin, kowa ya san kowa. Babbar damuwar 'yan kasuwa ita ce tafiya masana'antun da ke nesa, inda mutum zai kwana biyar bai ga yankan Musulmi ba. Kallamu ya ce in za a samo masa duro, zai yi musu guzuri. Aka samo. Ya fasa gindinsa, ya sa raga hawa biyu, ya kafa shi a saman benen. Nama daga mahaucin da ke kusa da tsohon masallaci, hayaƙi daga ɓawon rake da garin katako. Duk damina da kaka abin ya tafi lafiya.

A watan Disamba na 1999, ana cikin azumi, sanyi ya sauko da wata iska daga arewa wadda ba ta tsayawa. A makon ne Ussif, wani ɗan Kumasi mai harkar lodin kaya, ya kawo cinya biyu na saniya. Su tara za su hau jirgin ƙasa ran Asabar, da bandar za su yi sahur da buɗa-baki.

Kallamu ya hura wuta ran Laraba da hantsi. Gawayi ya kama, amma duron bai ɗauki zafi ba. Ɓarin da iska ke bugawa sanyi ƙalau, kana iya ɗora kumatunka. Hayaƙin ma kafin ya taɓa nama iska ta zuƙe shi ta ƙasan murfi. A Baga da laka ake gina wurin banda, in ya yi zafi sai ya wuni da shi. Wannan kuwa kwano ne kawai.

Ya kewaye shi da kwalayen takalma. Iska ta kwashe biyu ta jefa kan titi, na ukun ya kama wuta, da ƙyar ya kashe da butar alwala. Ya naɗe duron da bargonsa, bargon ya narke ya manne, yana warin roba. Ya sauko neman laka. Ya zaga lunguna yana nuna wa masu shago da hannu, yana murza yatsu kamar mai kwaɓi. Kowa ya dube shi ya ce, "Meyo." Babu. Ko'ina siminti.

Ya dawo ya tsuguna a gindin duron, hannuwansa a hammata. Hajiya ta hau ta same shi.

"Malam Kallamu, ya ake ciki?"

"Hajiya, wuta na ci, nama bai san ana yi ba. In ya ƙara kwana haka zai canza."

"To a shigo da shi ciki mana."

"Hayaƙi zai cika benen. 'Yan sanda za su zo, ga bizata ta mutu tun bara."

Ta koma ƙasa.

Akwai wani tsoho, mijin matar da ke da benen, da suke kira Baba Cen. Shi iskar nan daɗi take masa, don a cikinta yake shanya tsirin naman alade a kan gora, can ɗaya kusurwar. Tsakaninsa da Kallamu gaisuwa ce kawai, "ni hau" da ɗaga hannu. Ran Alhamis da safe tsohon ya zo ya taɓa duron, ya girgiza kai, ya ja Kallamu ta hannun riga zuwa bayan tankin ruwa, inda tarin jan bulo yake. Suka jera bulo suka kewaye duron, suka bar tazarar tafin hannu. Tsohon ya bi ƙofa ƙofa ya tattaro tokar kwal da mata ke zubarwa, suka ɗura a tazarar. Sannan ya ɗauko tsohon bargon auduga mai kauri, suka lulluɓe bulon suka ɗaure da waya, suka tokare wata ɓallalliyar ƙofa ta ɓarin arewa.

Kafin azahar murfin ya yi zafin da ba a taɓawa. Nama ya fara ɗiga, ƙamshi ya tashi. Kallamu ya kama hannun tsohon da hannu biyu yana ta "shiye-shiye, lauban", wato "na gode, maigida", har tsohon ya yi dariya.

Ran Juma'a saura kaɗan nama ya yi. Kallamu ya rage wuta ya tafi masallaci. Da ya dawo, ya tarar da Baba Cen zaune kusa da duron yana masa gadi, fuska cike da fara'a. Gorar da ke kusurwa kuwa babu komai a kanta.

Ya ɗaga murfi. Tsirin aladen na jere a ragar sama, mai na zuba daga jikinsa a kan naman Ussif, yanka bayan yanka, har ƙasa.

Tsohon ya nuna nasa, ya nuna na Kallamu, ya haɗa yatsu biyu, ya ɗaga babban yatsa. Kallamu ya buɗe baki. Kalmomin Sinancin da ya sani ba su wuce biyar ba, kuma babu ko ɗaya da za ta yi wannan aikin. Ya mayar da murfin a hankali, ya zauna a kan bulo. Tsohon ya dube shi, fara'ar ta ragu, ya yi wata doguwar magana mai kama da tambaya. Kallamu ya girgiza kai kawai.

Da ya gaya wa Hajiya, ta dafe ƙirji.

"Wa ya gani?"

"Ni na gani."

Shi da kansa ya je ofishin Ussif a titin Huanshi Lu ya faɗa masa. Ussif ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri, Malam." Ran Asabar suka hau jirgi da burodi da kifin gwangwani.

Naman duka Kallamu ya zuba a kwando ya kai ƙofar Baba Cen. Tsohon ya ƙi karɓa, shi kuma ya ajiye ya juya. Daga ranar, in suka haɗu a matakala, tsohon kan matsa gefe ya sunkuyar da kai. Kallamu ya so ya ce masa ba fushi yake ba. Ya nemi wanda zai yi masa tafinta, amma duk Sinancin mutanen na ciniki ne, na tambayar farashi da yawan kwali.

Labari ya bazu, babu wanda ya sake kawo nama. Hajiya ta ce a sayi sabon duro, amma mai benen ta sa kwaɗo a ƙofar sama saboda ƙunar da kwali ya yi wa daɓe. Kallamu ya koma wanke-wanke da tuƙa tuwo. Bayan sallah da wata biyu 'yan kasuwa suka haɗa masa hanyar komawa gida. An ce yana Maiduguri yanzu, yana gadi a wani gidan mai.