Baba Uwaisu Ya Ƙi Ƙirga Karkanda

Lokacin da Baturiyar wata gidauniyar ba da tallafi ta tambayi Baba Uwaisu karkanda nawa suka rage, sai ya sunkuyar da kai ya ƙi faɗa.

Baba Uwaisu Bafulatani ne daga iyakar Kamaru. Shekara ashirin yana bin sawun karkanda a daji, kafin ciwon ido ya kawo shi wurin ɗansa a birnin Edmonton na ƙasar Turawa a 1974. Ni kuwa a can na san shi, ban daɗe da gama digiri kan namun daji ba. Wata huɗu na yi ina rubuta takardar neman tallafi, don a ɗauki masu gadi kafin mafarauta su ƙarar da dabbobin saboda ƙahonsu. A ƙasarmu kuɗin man fetur ya cika baitulmali, amma ba wanda ya amsa wasiƙata. Shi ya sa na nufi gidauniyar, na tafi da Baba Uwaisu ya zama shaidata.

Na ce, "Baba, don Allah ka faɗa. Ai ka san su ɗaya bayan ɗaya."

"Ɗana, wa ya taɓa ƙirga garke da baki ya ga albarka? Ce mata akwai su."

"Masu neman tallafin damisar Indiya har taswira suka kawo!"

"To, Allah ya raya musu."

Baturiyar ta bar gurbin adadin ba komai, ta rufe fayil. A bas ya miƙo mini goro, na karɓa na kasa ci. An ce amsa za ta zo cikin mako shida. Yau mako na biyar ke nan, wasiƙa ba ta iso ba.