Umaru da guguwar cikin waya

Damina tara ke nan da rasuwar ƙanena Umaru, Allah ya jiƙansa. Ni na goya shi bayan mahaifiyarmu ta rasu, ni ce kuma mai kora shi makaranta da tsumagiya, ni da ban taɓa shiga aji ba. Ya zama malamin gona a nan Illela, yana auna ruwan sama, yana faɗa wa manoma lokacin shuka. Ba shi da yawan magana. Abin da ke ɓata masa rai ɗaya ne, a faɗi abin da ba a auna ba.

Wata shekara rediyo ya ce hamada ta kusa binne ƙauyen Amarawa. Na kai masa maganar da zafinta. Ya ce, "Yaya, hamada na matsowa, gaskiya ne. Wanda ya sa mata rana shi ya yi ƙari." Na ce to ƙarya ce ke nan. Ya ce a'a, kuma kada ya ji na gaya wa mata haka, su koma saran itace. Ba ya barinka ka tsorata a banza, ba ya kuma barinka ka miƙe ƙafa.

Bana ɗana Sanusi, mai noma gonarmu ta Lafani, ya shigo min da waya. A cikinta ga iska ta taso daga teku tana yaye rufin gidaje, motoci na yawo a ruwa. Wata murya na cewa yanayi ya sauya, ruwa zai sauka da wuri da ƙarfi irin haka, kowa ya yi bizne, wato a rufe iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwan fari. Mai bizne ya san kasadarsa. In yayyafi ya taɓa irin ya tsiro, sannan sama ta ɗauke, ya ƙone ke nan. Namu kuwa geron mahaifinmu ne, ba a samunsa a kasuwa.

"Inna, mutanen tsallaken iyaka duk sun yi."

"Mi ka gani cikin wayar, Lafani?"

"A'a, ƙasar Turawa ce."

"To, ko an kawo teku bayan gidanmu ina barci?"

Ban ce yanayi bai sauya ba. Idona ya ga ruwan da a da ake rabawa wata guda yana zuba da hantsi ɗaya, yana kwantar da katangu. Na kuma ji a rediyo cewa yanzu masana kan ɗauki labaran jaridu a kan irin wannan guguwa, su bi su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Suka ce teku ya ƙara ɗumi, guguwa na ɗauko ruwa fiye da da. Jaridar da ta ɗora kowace guguwa kacokan a kan sauyin yanayi ta wuce abin da aka sani, wadda ta ce babu alaƙa kuwa ta yaudari mutane. Sai na ji kamar Umaru ne a bakin ƙofa. Da yana raye zai ji daɗi, sannan ya tambaya wa zai tsince muryoyin da ake turo mana da Hausa, waɗanda ba su da suna ba su da gari.

Umaru bai bar gida mai bene ba. Ya bar mana tambaya: ina abin ya faru, wa ya auna? Da ita na tare ɗana. Na ba shi ɗan irin da zai rufe a tudu don ransa ya yi sanyi. Sauran zangarkun geron suna rataye a ɗakina. Har yau gaisuwarsa gajera ce, ni kuma ban damu ba. Ranar da na tura hannu a ƙasar Lafani na ji laima ta wuce wuyan hannuna, da kaina zan sauko masa da su.