Jinin Rosendo a Fayil ɗin Don Tello

An yanke wa Don Tello ƙafar hagu, daga ƙasan gwiwa, ranar uku ga Oktoba ta 2008. Ni na riƙe fayil ɗinsa shekara goma a ƙaramin asibitin unguwarmu, don haka ina iya nuna takardar da abin ya faro daga kanta. Ni na huda ta, ni na jera ta a gurbinta.

Sunan da uwarsa ta raɗa masa Eleuterio Barajas. Ya zo nan Kansas, a Amurka, a 1997 daga wani ƙauye a Zacatecas ta ƙasar Meziko, inda ya bar gonar wake da fari ya cinye shekara uku a jere. Aiki ɗaya ne a garin nan ga mutum irinsa, wato mayankar shanu, su kuwa ba sa ɗaukar wanda ba shi da takardun ƙasa. Sai Rosendo Quiroz ya ara masa nasa. Rosendo haifaffen Texas ne, wato ɗan ƙasa, direban babbar mota da ke zaune a Denver, kuma shi ya riƙe 'yar Don Tello ranar baftismarta. Tun daga ranar suka zama kompadre, wato 'yan'uwa ta hanyar baftisma, a wurinmu kuwa ba a cewa kompadre a'a. Haka ya zama Tello a gida da coci da bakin titi, ya kuma zama Rosendo da zarar ya sa takalman roba ya tsaya a layin fiɗa.

Asibitin namu tsohon shagon kayan ɗaki ne aka yanka shi ɗaki biyar. Ba ma tambayar kowa takardar ƙasa, wanda ba shi da dala goma ta kati ma ana ganinsa. Muna alfahari da wannan, ni ma ina yi. Ranar da ya fara zuwa tagata da ciwon kafaɗa, ya cire hula ya riƙe ta a ƙirji, na tambaye shi suna, ya ce Rosendo Quiroz. Na dube shi. Kujera biyu ce tsakaninmu a coci kowace Lahadi. Ya rage murya ya ce takardar hutun da likita zai ba shi mayanka zai kai ta, su kuma Rosendo suka sani. Na rubuta abin da ya faɗa, har da ranar haihuwar da ba tasa ba. Ba shi ne na farko ba.

A 2003 aka gano yana da ciwon suga, bayan shekara biyu aka sa shi a kan allura. Ban taɓa samun majinyaci mai kiyaye lokaci kamarsa ba. Duk wata uku yana nan kafin a buɗe ƙofa, da riga a goge, da ledar barkonon da yake shukawa a bayan gida. Yakan kira ni uwar hatimi, ya ce ko Ubangiji ne ya aiko mutum sai na buga masa kwanan wata. Nakan ce ya matsa daga taga, yana sa mini takardu warin saniya. Amma da ya shiga wajen likita sai bakin ya mutu. Duk abin da aka ce, amsarsa ɗaya ce: to, likita. Mai ilimi ba a katse shi, haka aka tarbiyyantar da shi. Likitocin kuwa ba sa daɗewa, shekara ɗaya ko biyu su sami wuri mafi tsoka su tafi. A shekara goma ya ga likita bakwai. Babu wanda ya san fuskarsa a cikinsu, fayil suka sani.

A watan Afrilu na 2008 Rosendo na gaskiya ya zo daga Denver don bikin cikar 'yar baftismarsa shekara goma sha biyar. A Lahadin nan asibitinmu ya kafa tebur a harabar coci ana gwajin jini kyauta, wasu ɗalibai 'yan sa-kai daga wani gari suke ɗiba. Matarsa ta matsa masa, ya miƙa hannu, ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa kamar yadda kowa zai yi. Ba na wurin. Sakamako ya iso tebur ɗina ranar goma sha huɗu, guda sittin da biyu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, suna da ranar haihuwa, na sami wanda ya dace da fayil ɗin da ke aljihun tebur na uku. Na buga hatimi, na huda, na saka.

Ranar ashirin ga Mayu Don Tello ya zo ganin sabuwar likita, yarinya ce mai kirki, tana ɗan jin Sifaniyanci. Ta buɗe fayil ta ga jini tas kamar na wanda bai taɓa ciwo ba. Ta yi murna ƙwarai, ta yaba masa a kan gwajin da ya yi a coci, ta ce ba ya buƙatar allura yanzu, ƙwaya ɗaya da safe ta isa. Nan take ya gane jinin wa take karantawa. Ya ce to, likita. Da ya fito ya miƙo mini sabuwar takardar magani, har barka na yi masa. Bai tsokane ni ba ranar, hularsa kawai yake kallo.

Ya yi ta jan ragowar allurar da ke firijinsa, rabi-rabi, har ta ƙare a Yuni. A Yuli takalmin roba ya ci masa dunduniya. Bai ji zafi ba, don suga ya riga ya kashe masa jin tafin ƙafa, ga shi yana tsaye awa goma a cikin ruwa da jini. Matarsa Doña Chayo ce ta fara jin warin. Ta yi ta wanke masa da ruwan ganye tana ɗaurewa, tana ce masa tsohon alfadari, ya je asibiti. Ya ce sai ranar da aka ba shi ta yi. Ranar ta zo a Agusta, karo na farko a shekara goma bai zo ba. Na buga waya sau biyu, na aika kati.

Ranar sha biyu ga Satumba ta kawo shi, yana dafe da kafaɗarta. Nas ta kwance tsumman ta fita da gudu neman likita. Sugan da aka auna a yatsarsa ya wuce abin da na'urar ke iya nunawa. Likita ta fito da fayil a hannu tana tambayata yadda za a yi jinin mutum ya lalace haka cikin wata biyar. Na karɓa na buɗe takardar Afrilu. A ƙasa, inda mai gwaji ke rubuta nauyi, an sa nauyin ƙato. Don Tello siriri ne kamar sanda. Lambar tana nan tun ranar da na huda takardar, ban duba ba, don ba aikina ba ne duba nauyi.

Kafin motar babban asibiti ta iso na shiga na same shi a kwance. Na tambaye shi me ya hana shi magana.

Ya ce, "Doña Herminia, in na ce ban ba da jini ba, sai ta ce to wa ya bayar? In ce Rosendo. Sai ta ce to kai wane ne?"

Na ce ai da ni ya gaya wa. Ya ce a watan Mayun ne jami'an shige da fice suka kwashe marasa takardu mota-mota a wata mayanka a wata jihar, kowa ya ji a rediyo, kuma ni mai rubutawa ce, duk abin da aka gaya mini sai ya hau takarda. 

Sati uku suna ƙoƙarin ceto ƙafar, suka fara da yatsu biyu, daga baya suka haƙura. Mayanka ta sa wani a gurbinsa cikin kwana huɗu.

A Fabrairu Rosendo ya diro daga Denver ransa a ɓace. Ya je gwajin lafiya don sabunta lasisin tuƙi, aka ce masa bayanai sun nuna yana da suga kuma ƙafarsa ɗaya, alhali yana tsaye a gabansu da biyu. Ya shigo asibitinmu yana faɗa tun daga ƙofa, cewa ya ba da aron suna don a yanka shanu, ba don a yanka shi ba. Sai ya ga kompadrensa a keken guragu, an naɗe ƙafar wando da fil. Ya cire hula.

Na kulle taga da wuri ranar Asabar, muka zauna mu huɗu da Doña Chayo, na zare takardun duka don a raba na kowa. Ba a sha wahala ba. Takarda ɗari da tara na Don Tello ne, guda ɗaya ta Rosendo. Rosendo ya ɗauki tasa ya juya ta gaba da baya, ya ce a kan wannan ce? Don Tello ya ce masa ya adana ta da kyau, ba kowa ke da jini mai kyau haka ba, shi ma ya ɗan ji daɗinsa wata biyu.

Na ɗauko sabon fayil na ce ya ba ni suna. Ya tambaye ni in ya bayar, ina sunan zai je. Na gaya masa gaskiya: aljihun tebur ɗina, da ɗakin gwaji, da kantin magani, bayan nan ban sani ba.  Doña Chayo ta ce, "Faɗa mata mana, tsoho. In sun zo kama ka, ai sai sun ɗauke ka da hannu." Ya faɗa, na rubuta.

Yanzu yana da shekara hamsin da shida. Ya koma kan allura, amma babban yatsan ƙafar dama ya fara duhu, likita ta takwas tana son ganinsa duk sati biyu. Ya zo sau uku, ya tsallake biyu, saboda babu mai turo kekensa da safe. Doña Chayo ta karɓi aiki a mayankar, a sashen ƙunshe nama, ta fara ranar Litinin ta farko a Afrilu. Da takardun ƙanwar mijin babbar 'yarta ta shiga, a can Maribel suke kiranta.